Furanni Huɗu na Duwatsun Yamma

Masu riƙe da wannan labari sun ce ranar Talata ce, da hantsi, Makau mai haƙar saiwa ya dawo daga Duwatsun Yamma yana jan ƙafa. Matarsa Tasalla tana tsakar gida tana shanya sassaƙe. Ta yi masa sannu da zuwa. Ya buɗe baki zai amsa, sai ganye ya faɗo daga bakinsa, ɗanye, kore shar. Ya sake gwadawa, wasu biyu suka faɗo. Ta zaunar da shi a kan turmi ta cire masa takalmi, ta tarar yatsun ƙafarsa goma sun zama itace, har da ɓawo.

Shekara ashirin da shida ke nan suna sana'ar magani a Kwarin Gawo, kuma tun farko aikin a rabe yake. Shi ke shiga daji, shi ke hawa dutse, ya san kowane tsiro da ransa, ganyensa da furensa. Ita kuwa ba ta taɓa wuce rafin garin ba. Abin da ya kawo, saiwa ko kara ko ganye, ita ke wankewa, ta shanya, ta daka, ta ba marasa lafiya. A bushe ta san su: da ƙamshi, da yadda suke karyewa, da launin da suke ba ruwa, da ɗanɗanonsu. Da za a nuna mata ɗaya daga cikinsu a tsaye da furensa, da ba ta gane shi ba.

Masu haƙa suna da ƙa'ida guda da ba a tsallakewa. Kafin mutum ya sa dagi a ƙasa, sai ya durƙusa ya yi wa tsiron sallama, ya kira shi da sunansa, ya zuba masa gero cikin tafi. Wanda aka kira da sunansa ya yarda a ɗauke shi. Wanda ba a kira ba, sata aka yi masa.

Tasalla tana duba ƙafafun, sai wata murya ta fito daga burgaminsa, jakar fatar da ya ajiye a bakin ƙofa.

"Ke matar ɓarawo, buɗe ni in sha iska."

Ta kwance bakin burgamin. A saman sauran saiwoyin akwai wata fara, tsawon ɗan yatsa, ruwa mai sanyi yana tsattsafowa daga inda aka yanke ta.

"Baiwar Allah, wace ce ke?"

"Ni ce Ƙanƙara, autar Uwar Tsauni. Mu huɗu ne: Raɓa, Yayyafi, Marka da ni. Mijinki ya durƙusa gabana ya kira ni Marka, ya zuba gero, ya haƙe mini hannu. Yayata aka gaisar, ni aka yanka."

Uku daga cikin sunayen Tasalla ta san su kamar 'ya'yan cikinta. Raɓa ta zazzaɓi ce, Yayyafi ta tari, Marka kuwa ita ke tsayar wa mai jego da jini. Ta huɗun ba a taɓa kawo mata ba. Mafarauta kaɗai ke nemanta, don dafin kibiya.

"Yau yatsu," in ji saiwar. "Gobe idon sawu, jibi gwiwa. Rana ta bakwai itacen zai kai zuciya, ku dasa shi inda kuka ga dama. In kina da magana, ki mayar da ni gida ki faɗa wa uwata."

"Duwatsun Yamma tafiyar kwana tara ce."

"Hanyar mutane ke nan. Akwai tamu."

Tasalla ta leƙa ta kan danga ta kira Barmani, ƙanwar Makau, wadda ke aure a gidan da ke jikinsu. Barmani ta shigo, ta ga ganyen, ta ga yatsun, ta ɗora hannu a ka. Da ta ji shirin tafiyar, kukan ya tsaya mata.

"Matarmu, ke da ko kasuwar Laraba sai an raka ki? Ke ce za ki hau Duwatsun Yamma?"

"To ke za ki je?"

Barmani ta duƙa tana tsince ganyen.

"Ki dama masa kunu da safe. Kada ki bar shi shi kaɗai." Ta juya wajen mijinta. "Malam, zan tafi. Ka yi haƙuri da ita, ka san bakinta."

Makau ya kama gefen zanenta. Ganye biyar suka zubo a cinyarsa. Ta zare zanen a hankali, ta ɗauki daginsa da gorar ruwa da ƙullin gero, ta ɗaure saiwar a bakin mayafi, ta fita.

Da rana ta take tsaka saiwar ta kai ta gindin wata tsamiya a bayan gari, inda wani tsohon suri yake. Ta ce ta buge shi da dagi. Ta buga, surin ya tsage biyu, matakala ta bayyana tana gangarawa. Tasalla ta yi bisimilla ta shiga. Ta ƙirga matakai ɗari uku da goma sha ɗaya, sannan ta fito a wata ƙasa mai sararin sama kamar tagulla, da rana biyu, ɗaya mai zafi, ɗaya mai haske kawai. Ciyawar wurin ƙarfe ce, siririya kamar allura. Kafin la'asar takalmanta sun zama tsumma. Ta yaga rabin mayafinta ta naɗe ƙafafunta, ta ci gaba. Haka ta yi Talata da Laraba. Duk sanda ta zauna hutawa, saiwar takan ce, "Yanzu ya kai idon sawu," sai ta miƙe.

Ranar Alhamis ta isa Kogin Tsakuwa. Babu ruwa ko ɗigo a cikinsa. Duwatsu ne ke gudana, manya da ƙanana, suna niƙa juna da ƙara kamar aradu. A bakinsa wani zalɓe ne tsaye, tsawonsa ya kai giginya, da farin rawani a kansa.

"Salamu alaikum, mai wannan mashiga."

"Amin alaikis salam, 'yar Adam. Shekara ɗari huɗu rabon da irinku ya tsaya nan. Me ke tafe da ke?"

"Ƙetarewa nake nema, ranka ya daɗe. Mijina yana mutuwa."

"Kowa nasa yana mutuwa. Dubi ƙafata."

A gindin ƙafarsa furanni biyu ne jajaye, kamar an tsaga kara.

"Ɗaya abincina ne, ɗaya ajalina. 'Yan uwan juna ne. Nuna mini abincina in ƙetarar da ke yanzu."

Tasalla ta durƙusa ta dube su har idonta ya yi ruwa. Ta nuna wanda ya fi ja.

Zalɓen ya girgiza kai. "Da kin kashe ni. Dubi ganyen. Wannan bibbiyu suke fita, suna fuskantar juna. Wancan ɗaiɗai, suna hawa kamar tsani. Jariranmu sun san wannan. Aka ce ke mai magani ce?"

"A bushe na san su."

"A nan ba ma duka, ba ma zagi. Kwana muke karɓa. Zauna sai gobe war haka."

Ta roƙe shi. Ta miƙa masa gero, ta miƙa masa dagi, ta ce ya ɗauki ido ɗaya ya bar mata ranar. Ya ɗaga ƙafa ɗaya ya rufe ido. Ta nufi kogin da kanta, ta sa ƙafa a kan dutsen farko, dutsen ya juya ya ɓare mata farcen babban yatsa. Ta dawo ta zauna. Ba ta yi kuka ba. Ta kalli inuwar zalɓen tana zagaya ƙasa, tana lissafin inda itacen ya kai.

Ranar Juma'a ya ɗauke ta a baki kamar kifi, ya taka kogin taku bakwai, ya ajiye ta a gindin duwatsun.

Hawan ya ci mata kwana biyu. A wani matsatsi iska tana magana da muryar Makau, tana cewa ta koma, ya riga ya cika, an yi sadakar uku. Ta toshe kunnuwanta da ƙasa ta wuce. A wani wurin duwatsun suna numfashi, hanyar tana buɗewa tana rufewa, sai ta jira sun ja iska sannan ta ratsa a guje. A nan ta bar rabin mayafin da ya rage, ta soke saiwar a ƙugun zanenta.

Ranar Lahadi da safe ta hau kan wani tudu, ta tsaya cik. Daga ƙafarta har iyakar ganinta furanni ne shuɗɗa, dubu bisa dubu, tsawonsu zuwa gwiwa, kowanne kamar ƙaramar ƙararrawa mai baki biyu. Sanyi na kaɗa su gaba ɗaya.

"Mun iso gida," in ji saiwar. "Ga Raɓa, ga Yayyafi, ga Marka, ga ni."

"Ina? Wace ce wace?"

"Ni aka yi wa laifi, ni kuma zan ba ki amsa?"

Tasalla ta ratsa su tana tattare zane kada ta taka ko ɗaya. Shekara ashirin da shida tana dakan waɗannan tsirrai, ga su yau sun kewaye ta, duk fuska ɗaya a wurinta.

A ƙarshen filin dutsen ya tsage, birni ya bayyana a ciki. Ganuwarsa farin dutse ce, gidajensa itatuwa ne masu rai da suka lanƙwasa suka haɗa kai. Mutanen birnin suna da kofato, furanni na tsirowa a cikin gashinsu. Suka buɗe mata hanya har wani faffaɗan fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse, inda wata tsohuwa ke zaune, girmanta ya yi rumbu uku. Gashinta farin ruwa ne, yana zuba ta kafaɗunta yana zama ƙorama. Ita ce Uwar Tsauni.

Tasalla ta zube. "Allah ya ja zamanin uwar duwatsu. Na kawo amanar da aka ɗauka ba da izini ba." Ta ajiye saiwar a kan fa.

Tsohuwar ta ɗauke ta da yatsu biyu ta sa a ƙirjinta. "Kin kawo. Tashi ki koma."

"Ranki ya daɗe, mijina fa?"

"Ɓarawon?"

"Ba ɓarawo ba ne. Shekara talatin yana hawa duwatsunki, bai taɓa cire ganye bai yi sallama ba. Ki tambayi 'ya'yanki."

"Na tambaya, sun shaida. Shi ya sa nake mamaki. Mutumin da ya san su haka, me ya sa ya kira autata da sunan yayarta? Raini ne ko ganganci?"

Mutanen birnin suka matso.

"Idonsa ne yake mutuwa," in ji Tasalla. "Shekara biyu ke nan. Yana kawo mini Raɓa gauraye da Yayyafi. In ya fita masallaci sai in shiga ɗaki in ware su."

"Kin faɗa masa?"

"Ban faɗa ba."

"Don me?"

"Ya ɗauka ban sani ba. Mutum ne wanda in an rasa sunan tsiro a garuruwa goma, shi ake aikowa a tambaya. Na ji nauyin in nuna masa na gane. Na ce ai ina warewa, babu wanda zai cutu."

"Ashe ku biyu kuka haƙe hannun 'yata. Shi da dagi, ke da shiru."

"Haka ne, ranki ya daɗe."

Uwar Tsauni ta buga tafinta a kan fa. Dutsen ya buɗe wuri huɗu, tsirrai huɗu suka fito a jere da furanninsu.

"Ga 'ya'yana. Gaisuwar da gidanku ya ɓata, gidanku zai gyara. Ki gai da kowace da sunanta, ki zuba mata gero. Ba ki cire ganye, ba ki haƙa, ba ki taɓa mai rai. Kin ga inuwar wancan dutse? Kafin ta taɓa gwiwarki ki gama. In kin kuskure ko ɗaya, nan za ki tsaya ki yi saiwa, shi kuma ya cika gobe. In ba za ki iya ba, tashi yanzu ki tafi da ranki, ba wanda zai tare ki."

"Zan gwada."

Inuwar tana nesa da ita kamu shida. Ta durƙusa ta yi abin da zalɓe ya koya mata, ta dubi ganye. Wannan karon ta ga bambanci. Ta farko ganyenta yana da baki kamar zarto. Ta biyu karanta yana da danƙo, har ƙananan ƙwari sun manne. Ta uku da ta huɗu ganyensu sumul ne, da wani farin gari a kai kamar toka, sai dai in an leƙa cikin furen, ɗaya tana da gashi rawaya a maƙogwaro, ɗayar kuwa babu. Duk ta gani. Amma wace ce mai zarton, Raɓa ko Marka? Ba wanda ya taɓa faɗa mata. Bambancin a fili yake, sunan ne ba ta da shi.

Ta sunkuya ta shinshina furannin. Duka huɗun ƙamshin ruwan sama suke yi. Inuwa ta ci kamu biyu. Ta yi ƙoƙarin tuno ko Makau ya taɓa cewa wani abu game da danƙo ko gashi. Abin da ta tuno kawai shi ne yadda yake juye burgami a gabanta ya ce, "Ga su nan," ya nemi ruwan wanka. Inuwa ta ci kamu uku. Wani daga cikin masu kofato ya yi dariya.

Ƙarfinta ya ƙare, ta sunkuyar da kai har goshinta ya kusa taɓa fa. A nan ta ga abin da ke gindin kowace: karan bara, busasshe, ya karye ya kwanta, da ragowar ganye da suka yi baƙi.

Ta ɗago. "Ranki ya daɗe, ina da tambaya. Matattun fa? Su ma sai an yi musu sallama?"

"Abin da ya bushe ya bar hannunmu. Na iska ne."

"To ina roƙon iska."

Ta ɗauki karan da ke gindin ta farko ta karya shi kusa da kunnenta. Ya yi ƙas, ya rabu tsaf, cikinsa rami. Ta murza shi a tafi ta shinshina: ƙamshin sabuwar tukunya da aka zuba wa ruwa.

"Salamu alaiki, Raɓa." Ta zuba gero.

Furen ya sunkuya. "Amin, na amsa."

Karan ta biyu ya ƙi karyewa, ya lanƙwashe ya fitar da zare. Ta tsiyaya ruwan gora a tafinta ta jiƙa shi, ruwan ya koma ɗorawa-ɗorawa.

"Salamu alaiki, Yayyafi."

"Amin, na amsa."

Dariyar ta tsaya. Saura biyu, inuwa kuma saura kamu ɗaya da rabi. Ta karya na uku, ta karya na huɗu, ƙara ɗaya suka yi. Ta jiƙa su, kowanne ya mai da ruwa ja kamar zoɓo. Ta shinshina, duka warin hayaƙi. Ta kankare su da farce, ta ɗaga su a hasken rana biyun, ta auna nauyinsu a yatsa. Babu abin da ya raba su. Ɗaya Marka ce, ɗaya Ƙanƙara, kuma hanya ɗaya ta rage mata. Marka ta san ta a harshe: ɗaci da farko, sannan zaƙi a can maƙogwaro. Ƙanƙara kuwa ba ta san wanda ya ɗanɗana ya ba da labari ba.

"Kina iya canka," in ji Uwar Tsauni. "Rabi da rabi ne."

"Ban taɓa ba mai jego magani a kan canki ba, ranki ya daɗe. Ba zan fara da shi ba."

Inuwa saura taƙi guda. Ta gutsuri kamar ƙwayar gero ɗaya daga karan ta huɗu, wadda ba ta da gashi, ta ɗora a kan harshe.

Zaƙi ne ya fara zuwa, kamar zuma. Nan take ta san ba Marka ba ce. Sai sanyi ya biyo, ya kama harshen daga baki yana tafiya ciki. Ta tofar, ta juya wajen ta uku da sauri.

"Salamu alaiki, Marka."

"Amin, na amsa."

Ta juyo wajen ta huɗu. Harshen ya riga ya yi nauyi kamar an sa mata dutse a baki. Geron yana zubewa ta tsakanin yatsunta. Ta tattara duk iskar da ke ƙirjinta ta tura kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

"Salamu alaiki, Ƙanƙara. Ki yafe."

Inuwa ta taɓa gwiwarta. Furen bai motsa ba. Uwar Tsauni ta ciro saiwar daga ƙirjinta ta tura ta a gindinsa, ƙasar ta rufe. Sai can furen ya sunkuya kaɗan, ba kamar sauran ba.

"Na amsa. Yafewa kuma sai hannuna ya warke."

Uwar Tsauni ta karɓi gorar Tasalla ta cika ta daga ruwan gashinta. "Gashin nan rawaya da kika gani a maƙogwaron Marka, shi ne idon mijinki ya kasa gani. Ki riƙe. Ki zuba masa wannan, abin da ya zama itace zai koma nama. Amma abin da ya kama ƙasa ya shiga dokarmu. Sai an haƙa shi yadda ake haƙa namu, kuma hannun da ya zuba wa 'ya'yana gero shi zai haƙa."

Tasalla ba ta gane ba, kuma ba ta da bakin tambaya. Ta nuna harshenta.

"Wannan rabon Ƙanƙara ne. Ɗanɗano ya tafi ke nan. Magana kuwa, sai wadda kika ƙwato da ƙarfi."

Aka kira zalɓe. Ya ɗauke ta a bayansa, ya tsallake duwatsun da kogin da filin allura, ya ajiye ta a ƙasan matakala. Hawan ta yi shi da rarrafe. Ta fito daga surin ranar Litinin, ana kiran la'asar.

Gidan cike yake da maƙwabta. Makau yana tsaye a tsakar gida, ba ya kwance. Ɓawo ya rufe shi har ƙirji, ƙananan rassa sun fito masa a kafaɗa. Numfashinsa sama-sama. Ƙasar da ke kewaye da ƙafafunsa jiƙe take sharkaf.

Barmani ta tarbe ta da kuka. "Matarmu, wallahi taimako na yi! Ran Alhamis ƙafafun suka fara tsagewa don bushewa, yana ta nishi. Na fito da shi na tsayar a ƙasa ina zuba musu ruwa, sai ya samu sauƙi. Da na zo mayar da shi ɗaki, ya ƙi ɗaguwa. Maza huɗu sun gwada. Ki yi magana mana! Me ya sami bakinki?"

Tasalla ta wuce ta. Ta buɗe gorar ta zuba masa daga kafaɗa. Rassan suka zube. Ɓawon ya tsage ya faɗi daga ƙirji, daga ciki, daga cinya, daga gwiwa, fata ta bayyana a ƙarƙashi, jiƙe kamar ta jariri. Makau ya ja dogon numfashi ya yi tari, babu ganye. A idon sawu ɓawon ya tsaya. Ta juye sauran ruwan duka a wurin. Bai motsa ba. Da ta duba da kyau, sai ta ga yana sake hawa daga ƙasa, a hankali, kamar ruwa a jikin zane.

Barmani ta ruga ta ɗauko gatari. Tasalla ta riƙe mata hannu ta girgiza kai.

Makau ya dubi ƙasa. Shi mai haƙa ne, bai buƙaci bayani ba. Muryarsa a dishe ya ce, "Ba a sarewa. Sai an kira."

"To ni in kira," in ji Barmani. "Yaya Makau! Salamu alaikum, Yaya Makau!"

Ɓawon ya ci gaba da hawa. Ya wuce idon sawu da faɗin yatsa uku.

Tun ranar da aka kawo ta gidan, Tasalla ba ta taɓa kama sunan mijinta ba, ko a gabansa ko a bayansa. Ko jikan maƙwabta da ya ci sunan, "mai sunan Malam" take ce masa. Ga tsakar gida cike da mutane, har da limamin unguwa da 'yan uwan mijin. Ta kwance ƙullin, ta tattara ɗan geron da ya rage bai cika tafi ba. Ta ɗauki dagi ta durƙusa gabansa.

Ta buɗe baki, iska kawai ta fita. Ta sake, wani sauti ya fito wanda ba kalma ba. Ɓawon ya kai tsakiyar ƙwauri. Wata tsohuwa a bayanta ta fara salati. Tasalla ta sa yatsa ta danna harshen, ta cije shi har ta ga jini a hannunta, ko da yake ba ta ji ɗanɗanonsa ba. Zafin ya farkar da shi kaɗan.

"Salamu alaika," ta ce, kowane harafi da kyar. "Makau."

Ta zuba geron a kan ƙafafunsa.

"Wa alaikis salam," in ji shi. "Na amsa. Ɗauke ni, Tasalla."

Ta sa dagi. Ba ta taɓa haƙa ba, sai shi yake gaya mata daga sama: ta faro daga nesa, ta kewaya, kada ta ja, ta bi kowace saiwa da yatsa har ƙarshenta. Saiwoyi goma ne, mafi tsawo ta kai kamu biyu. Duk wadda ta fito daga ƙasa sai ta tsuke ta koma ɗan yatsa. Ana gab da magariba ta goman ta fito, ragowar ɓawon ya zube. Makau ya ɗaga ƙafa, ya yi taku ɗaya, ya zauna a ƙasa.

Maƙwabta suka yi barka suka watse. Barmani ta tafi ɗora ruwan zafi. Suka rage su biyu a bakin ramin.

Ya daɗe yana murza yatsun ƙafarsa. Sannan ya ce, ƙasa-ƙasa, "Tasalla, akwai abin da ban faɗa miki ba. Idona ne."

Ta tattaro ƙarfinta. "Na sani."

"Kin sani? Tun yaushe?"

Maganar ta ƙare mata. Ta ɗaga yatsu biyu a gabansa.

Ya kafa ido wajen hannun, ya matse fuska, ya ɗan karkata kai. Can ya ce, "Ban gani ba. Matso."

Ta matsa, ta buɗe tafinsa, ta ɗora yatsun biyu a ciki.